Saƙon garkuwar jiki da cututtukan funfuna: matsalar kalmomi a Arlit da Akokan

1. Gabatarwa

An kafa Arlit a 1969 saboda haƙar uraniyum. Kamfanin SOMAÏR ya fara hako ma'adini a 1971, COMINAK kuma ya yi aiki a Akokan daga 1978 zuwa 2021. Hausa ce harshen da ya haɗa ma'aikata da iyalansu da ma'aikatan asibiti. Ƙurar duwatsu tana raunana huhu, tana share fage ga tarin fuka, shi kuma yana barin kogo inda funfunar Aspergillus ke iya zama. A wannan ɗan nazari za mu duba yadda za a bayyana wannan al'amari da Hausa.

2. Yadda saƙo ke tafiya

Hausa tana da makero da ƙyasbi, amma duka cututtukan fata ne. Funfunar da ke shiga huhu ko jini ba ta da suna. A 1996, a Strasbourg, Bruno Lemaitre da Jules Hoffmann suka nuna cewa ƙudan da aka lalata wa kwayar halittar Toll yana mutuwa idan Aspergillus ta kama shi. A 2001 Gordon Brown da Siamon Gordon suka gano cewa Dectin-1 ne ke gane sukarin da ke bangon funfuna. Muna kiran irin waɗannan “masu gadi”. Mai gadi yana miƙa labari cikin ƙwayar jiki ta hannun Syk da CARD9, har ya kai ga NF-κB, wanda ke ba da umarnin fitar da sitokin, irin su TNF da IL-6. Sitokin su ne sanƙira: suna yekuwa, mayaƙan jini su taru. A 2013 an bayyana wasu marasa lafiya na Aljeriya, Tunisiya da Maroko da CARD9 ɗinsu ba ya aiki, makero ya ratsa fatarsu ya shiga cikin jiki.

3. “Gubar jini”

Ana fassara abin da ake kira septicémie a faransanci da “gubar jini”. Amma ma'anar da likitoci suka amince da ita a 2016 ta ce gaɓoɓi ne ke gazawa domin martanin jiki ya ɓace wa tsari. Yekuwa ta wuce kima, jijiyoyi su saki, bugun jini ya faɗi, ƙoda ta tsaya. Wanda ya ji “guba” zai nemi makari, alhali majinyaci na buƙatar asibiti cikin sa'o'i.

4. Kammalawa

Muna ba da shawarar “tunzurin garkuwa”. Aikatau “tunzura” yana nuna dokin gida da ya ƙwace linzami, ba maƙiyi daga waje ba. Ya rage a gwada kalmar da ma'aikatan jinya na Arlit da Akokan, a kuma kwatanta ta da abin da masu jin Tamajek ke faɗa.