Amalanken da ke tuƙa kansa: yadda ake aiki da shi cikin manyan magaza

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin magaza ranar da kamiyo ya sauke kaya, ya san inda wahala take. Sayen buhun yana da sauƙi a kan ɗaukarsa daga nan zuwa can. Ɗan dako ya sunkuya, mai amalanke yana ta "hanya! hanya!", mai kaya yana ƙirga yana faɗa. To a wasu ƙasashe, a Amurka da Turai da Sin, akwai magaza inda amalanken ne ke zuwa da kansa, babu jaki, babu mai turawa.

Abin ya daɗe. Tun shekarun 1950 aka yi wasu a Amurka masu bin waya da aka shimfiɗa a ƙasa. Amma ya bunƙasa ne bayan 2003, lokacin da Mick Mountz ya kafa kamfanin Kiva. A 2012 kamfanin Amazon, mai sayar da kaya ta intanet, ya saye Kiva a kan dala miliyan 775, dalar Amurka fa, ba tamu ta tamma biyar ba. A 2025 Amazon ya ba da sanarwar cewa irin waɗannan na'urori nasa sun kai miliyan ɗaya.

Amalanken Kiva gajere ne, bai wuce gwiwar mutum ba. Yakan shige ƙarƙashin kanta, ya ɗaga ta duka da kayanta, ya kai wa ma'aikaci inda yake tsaye. Ƙaraminsa na ɗaukar wajen kilo 450, wato buhu tara na kilo hamsin. Yana gane hanya ne da wasu alamomi da aka manna a daɓe, yana karanta su da kyamarar da ke ƙarƙashinsa, kwamfuta kuma ta gaya masa inda za shi. Kayan da aka fi saye kwamfutar na ajiye kantarsu kusa, waɗanda ba su tafiya a tura su can baya. Wannan kam kowace mai tebur a kasuwa ta riga injiniyoyi saninsa.

Da yake da daɓe yake gani, ƙa'idar farko ita ce tsabta. Ƙasa ta zama shimfiɗaɗɗiya, ba rami, ba ruwa, ba mai. Kwali ɗaya ya faɗo bisa hanya, ko ƙura ta rufe alama, sai amalanke ya tsaya, na bayansa su jeru. Lodi ma da tsarinsa: mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, kar a wuce kilon da aka yanka, kar wani abu ya leƙo waje.

Sai batun mutane, wanda shi ne babba. A magazar Amazon filin amalankai a kewaye yake, ba kowa ke shiga ba. Wanda zai shiga gyara ko ɗauko abin da ya faɗi sai an horar da shi, kuma sai ya sa wata riga mai aika sigina, wadda ke sa na kusa da shi su rage gudu ko su tsaya. A 2022 suka fito da wani mai suna Proteus da ke yawo cikin mutane. Yana haska koren haske gabansa, in mutum ya gitta ya tsaya. Duk da haka masu tsara dokokin wannan aiki, kamar ƙa'idar ISO 3691-4 ta 2020, sun sa dole a samu na'urar gane mutum da maɓallin tsayarwa na gaggawa. Kuma idon na'ura in ya yi datti makaho ne, sai ana gogewa ana gwadawa.

Wuta ita ce ta fi tayar da hankali, kuma ɗan kasuwar da ya ji labarin gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 ba sai an yi masa dogon bayani ba. A Fabrairun 2019 magazar kamfanin Ocado da ke Andover a Ingila ta ƙone ƙurmus. Binciken ƴan kwana-kwana ya nuna matsalar ta taso ne daga wurin cajin batir, murfin roba na na'ura ɗaya ya kama. Abin takaici, an kashe famfon yayyafa ruwa na ƴan mintoci, wutar ta samu ƙarfi, ta yi kwanaki tana ci. A Yulin 2021 kuma na'urori uku suka yi karo a wata magazarsu da ke Erith, wuta ta sake tashi. Shi ya sa wurin caji ke son a raba shi da kayan da ke saurin kamawa, a duba shi kullum, kuma a kira masu kashe wuta tun hayaƙin farko.

Akwai wani lahani da ba a gani da ido. Amalanke ba ya gajiya, sai a so mutum ya bi saurinsa. A 2020 ƴan jaridar Reveal a Amurka suka binciki takardun Amazon, suka gano cewa munanan raunuka sun fi yawa da kusan rabi a magazar da ke da na'urori bisa waɗanda babu. Ma'aikaci ya huta da doguwar tafiya, amma yana tsaye wuri ɗaya, yana miƙa hannu yana sunkuyawa sau ɗaruruwa cikin awa guda, har kafaɗa da baya su ba shi kashi. Maganin da masana lafiyar aiki ke bayarwa shi ne hutu a kan kari, da sauya wa mutum aiki cikin wuni, da rage yawan kayan da aka ɗora masa ya ɗauka a awa.