Kacici-kacici da Hausar 'Yan Gadarif

Kacici-kacici reshe ne na adabin baka da ake gwada sani da ƙwarewar harshe da shi cikin raha. Misali, a ce, "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Amsa: tsintsiya. Wanda ya kasa sai ya ce, "Na ba ka gari."

A Gadarif, cibiyar noman dawa da riɗi a gabashin Sudan, akwai Hausawa da dama, jikokin maniyyata da masu hijira, musamman bayan yaƙin Burmi na 1903. Larabci ne harshen makaranta da kasuwa a can, saboda haka wannan wasa ma'auni ne na Hausar yaro. Wanda bai san "maɗauri" ba, ba zai hango tsintsiya ba. In kalma ta ɓace, kacici-kacicinta ma ya bi ta.