Majigi da mai sharhinsa

Kafin talabijin ya shiga gidajenmu, majigi ne makarantar dare ta mutanen Arewa. Motar gwamnati takan iso gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi, a tayar da injin wuta bayan sallar isha'i. Yara na gaba a zaune a ƙasa, manya na baya a tsaye. Abin da ake haskawa bai wuce tsaftar rijiya, rigakafi, noman auduga da gyaɗa ba, sai kuma labaran rangadin manya. Wani jami'in tsafta, William Sellers, shi ya fara gwada abin a Legas wajen yaƙi da ɓeraye lokacin annoba, kuma da Ingila ta kafa hukumar fim ta ƙasashen da take mulka a 1939, shi aka ɗora a kanta.

Akwai mutum ɗaya da aka cika mantawa da shi in ana wannan hira, wato mai sharhi. Yawancin finafinan ba da Hausa aka yi su ba, wasu ma babu magana a cikinsu sam. Shi ke riƙe da lasifika a gefen mota, yana fassara, yana barkwanci, yana jawo hankalin jama'a kan ƙudan da ya tashi daga juji ya sauka a kan tuwo. In ya iya bakinsa, gari ya kwana da darasi. In bai iya ba, an dai sha kallo.

Wannan gurbin nake ganin babu kowa a cikinsa yau. Malami a Argungu yana da wayar da ta fi kayan motar majigi gaba ɗaya, amma sau da yawa sai ya kunna bidiyo, ya koma gefe ya naɗe hannu. Ba laifinsa ba ne, ba a koya masa ya tsayar da hoton a tsakiya ya tambayi yara abin da suka gani ba.

Koyon shirya fim kuwa, wanda ke son takardar shaida yakan nufi Jos, inda Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa take tun 1995. Akasarin 'yan Kannywood a bakin aiki suka koya, daga riƙe fitila har zuwa kyamara. Alƙaryar fim da aka shirya ginawa a Ƙofa ta jihar Kano a 2016 ma, surutu ya sa aka janye ta.

Amma matakin farko bai buƙatar alƙarya. A kwalejin ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, darasin mako biyu ya isa ɗalibi ya san ana riƙe waya a kwance, rana ta kasance a bayan mai ɗauka, kuma a matsa kusa da mai magana don kada iska ta cinye muryarsa. Abin ɗauka kuma ga shi a ƙofar gida. A bikin kamun kifi na garin da ya soma a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya a 2016, kowa na ɗaukar lokacin da dubban masunta suke rugawa cikin kogin Matan Fada. Ni da za a ba ni ɗalibai biyar, wurin tsohon da ke gyaran homa a gindin bishiya zan kai su, su ɗauki yatsunsa a kan zare, su tambaye shi yadda ake zaɓen goran da zai ɗauki nauyin mutum a kan ruwa.