Kasabalanka 1957: Tseren da aka ci ba tare da maki ba

A ranar 27 ga watan Oktoban 1957 ne manyan direbobin tseren motoci na duniya suka hallara a Ain-Diab, a gefen birnin Kasabalanka na ƙasar Maroko, domin wata karawa wadda ko maki ɗaya ba a bayarwa a cikinta.

A lokacin an riga an kammala gasar Formula One ta shekarar, kuma Juan Manuel Fangio, ɗan ƙasar Ajantina, ya zama zakaran duniya a karo na biyar.

Duk da haka kamfanonin Maserati da Ferrari na Italiya, da Vanwall da BRM na Birtaniya, sun tsallaka da motocinsu zuwa nahiyar Afirka. To me suka je nema?

Tsere iri biyu

A shekarar 1950 aka soma gasar cin kofin duniya ta Formula One, wato tseren motoci masu mazaunin mutum ɗaya, waɗanda tayoyinsu ke waje ba rufi. Sai dai a wancan zamani tseren da ake lissafawa a gasar ba su da yawa. A 1957 guda takwas ne kacal.

Sauran tseren kuwa, garuruwa da ƙungiyoyin masu motoci ne ke shirya abinsu. Motocin ɗaya ne, direbobin ma su ne dai, amma sakamakon ba ya shiga teburin gasar.

Mai sha'awar ƙwallon ƙafa zai ce ai wasan sada zumunta ke nan. Kwatancin ya yi kusa, sai dai bai cika ba. Masu shirya tseren kan biya kowace mota kuɗin fitowa, ban da ladan wanda ya yi nasara, kuma da irin waɗannan kuɗi ne direbobi da yawa ke rayuwa. Sannan haɗarin bai ragu da komai ba don an ce babu maki.

Ita Maroko kuwa, abin da take nema ya fi kuɗi. A 1956 ta sami 'yancin kai daga Faransa, kuma ko da yake an yi ta tseren motoci a ƙasar tun 1925 a ƙarƙashin Turawan mulkin mallaka, wannan karon ƙasa ce mai cin gashin kanta, a ƙarƙashin Sarki Muhammad na Biyar, ke son a sa sunanta cikin jerin masu karɓar baƙuncin gasar duniya. Tseren 1957 shi ne zakaran gwajin dafi. Haka ƙasashen Meziko a 1962 da Brazil a 1972 suka yi daga baya: a fara da tseren da ba ya cikin lissafi, in an gamsu a ba su na gaske a shekara mai zuwa.

Yadda ta kaya

Filin na Ain-Diab ba fili ba ne na musamman. Hanyoyin mota ne na yau da kullum aka rufe, masu tsawon kilomita bakwai da rabi da 'yan kai, wani sashe na bin gaɓar tekun Atlantika, inda iska kan kwaso rairayi ta watsa kan kwalta.

Zagaye 55 aka yi, kimanin kilomita 420 ke nan. Kamar mutum ya tashi daga Sakkwato ya bi ta Talata Mafara ya je Gusau, sannan ya juyo ya koma Sakkwato, duk a cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Kuma a motar da tankin mai ke bayan direba, babu bel na ɗaure jiki, babu tufafin kariya daga wuta irin na yanzu.

Annobar murar da ta taso daga Asiya a shekarar ta taɓa direbobin. Stirling Moss na Vanwall, wanda ya lashe tsere biyu na ƙarshe a gasar duniya, a Pescara da Monza, ya kwanta rashin lafiya, bai sami shiga ba. Abokin aikinsa Tony Brooks ne ya fi kowa sauri a gwaji, amma motarsa ta lalace.

Jean Behra, Bafaranshe mai tuƙa Maserati 250F, shi ya zo na ɗaya. Stuart Lewis-Evans na Vanwall ya bi masa, Maurice Trintignant na BRM ya zo na uku, Fangio kuma na huɗu.

Labarin Behra shi ne ya fi nuna rashin adalcin wannan rabe-rabe. Tsohon zakaran tseren babura ne, wanda ya rasa kunne ɗaya a wani haɗari a 1955, ya koma amfani da na roba. A 1957 kaɗai ya yi nasara a Pau, da Caen, da Silverstone, da Modena, sannan Kasabalanka, kuma babu ko ɗaya da ke cikin gasar duniya. Ya rasu a haɗarin tsere a Berlin a watan Agustan 1959. Duk wanda ya duba kundin gasar a yau zai ga ba a rubuta masa nasara ko guda ba, alhali kuwa ya taɓa barin Fangio a baya, a mota iri ɗaya, a tsere mai tsawon na gasar.

Abin da ya biyo baya

Maroko ta ci jarrabawar. A ranar 19 ga Oktoban 1958 aka yi tseren ƙarshe na gasar duniya a Ain-Diab. Moss ya zo na ɗaya, amma Mike Hawthorn na Ferrari, wanda ya zo na biyu, shi ya ɗauki kofin da ratar maki ɗaya tak.

Murnar ba ta daɗe ba. Motar Lewis-Evans, wanda ya zo na biyu a shekarar da ta gabata, ta ƙwace ta kama da wuta. An garzaya da shi Ingila, inda ya rasu bayan kwana shida. Formula One ba ta sake komawa Maroko ba.

Mai kula da harkokin Lewis-Evans a lokacin wani matashin ɗan kasuwa ne, Bernie Ecclestone, wanda daga baya ragamar kasuwancin gasar ta koma hannunsa. A zamaninsa ne kuɗin talabijin suka shigo, yawan tseren gasar ya ƙaru, aka kuma wajabta wa kamfanoni halartar kowanne. Daga nan babu sauran lokaci ko dalilin kai mota inda ba a ba da maki.

Na ƙarshe irin wannan shi ne wanda aka yi a Brands Hatch na Ingila a watan Afrilun 1983, wanda Keke Rosberg ya lashe.

Rabon Afirka da tseren Formula One kuwa tun na Kyalami a Afirka ta Kudu a 1993. A watan Disambar 2024 shugaba Paul Kagame ya bayyana cewa Ruwanda na neman a ba ta damar karɓar baƙuncin gasar.