Karatun Daji: Gani Ya Kori Ji

Mutanen Kinkinau da na Unguwar Mu'azu sun san abin da ruwan Agusta ke yi wa hanyoyin unguwa. Ya sauko daga kan kwanon gidaje, ya rasa ƙasar da za ta shanye shi, ya bi gangare yana kwasar rairayi, kafin damina ta fita ɗan rami ya zama kwazazzabo. Dattawa kuwa suna tune da sa'ad da yawancin wuraren nan gonaki ne da daji. To, tsaron ƙasa da itace da ruwa shi ma wani fannin ilmi ne da ake koyarwa a jami'a, amma ba a gama shi cikin aji.

Karatun noma a jami'o'in Nijeriya shekara 5 ne, a ta huɗu akan ajiye alli a fita gona. Masu koyon aikin gandun daji da labarin ƙasa su ma akan fita da su rangadi tare da malamansu.

Babban wurin irin wannan karatu kusa da Kinkinau shi ne Gandun Dajin Afaka, gaba da Mando, kan hanyar Birnin Gwari. An keɓe shi a 1954 don gwada itatuwan da za su yi a ƙasar Arewa. Faɗinsa wajen hekta 7,000 ne, kowace hekta kuwa kusan eka biyu da rabi ce. An dasa itacen turare da malaina, ga kuma na gado, irin su doka da maje da kaɗanya. Malaman jami'a da ɗalibansu sun sha yin bincike a cikinsa.

In aka kai ɗalibai daji, sai su kafa turaku huɗu su kewaye ɗan fili da igiya, su ƙirga itatuwan da ke ciki, su auna kaurin kowane daidai ƙirjin mutum. Kututture ma ana ƙirga shi, don shi ke nuna yawan abin da gatari ya ci. Sa'an nan su haƙa rami su duba baƙar ƙasa ta sama, watau wadda shuka ke ci, su ga inda marmara ta fara. Wanda ya ga ba ta wuce taki ɗaya ba, ya san hasarar da manomi ke yi in ruwa ya tafi da ita.

Ana kuma nuna musu sha'anin wuta. Wadda aka sa da kaka, ciyawa na da sauran danshi, sama-sama take bi ta wuce. Ta bazara kuwa takan cinye ƙananan itatuwa, ta bar ƙasa tsirara ga ruwan fari.

Sauran karatun yana hannun manoma. Su suka san abin da ya sa ake barin ɗorawa da kaɗanya a tsakiyar gona, da yadda kunya a gicciye da layin jema ke karya ƙarfin ruwa a gangare. Misali, a ƙasar Maraɗi, tun wajen 1983, manoma suka shiga barin tohon kututture in suna sassabe, su zaɓi masu ƙarfi su rage sauran. Suna ce da shi sassabin zamani. Da wannan dabara miliyoyin hekta na gonakin Nijar suka sake samun itace, yau ana karanta labarin a jami'o'in duniya.

Abin baƙin ciki, dajin Afaka ya ragu ƙwarai. Masu gawayi da masu itacen wuta na sara, gonaki da gidaje na matsowa. Rashin zaman lafiya ma ya taɓa shi. A watan Maris 2021 duniya ta ji sunansa, sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, ba a gama sako su ba sai a watan Mayu. Ɗalibin da ke tsoron shiga daji kuwa, da takarda kaɗai zai fito.

Saboda haka, jama'a, in an ga malami da ɗalibai a bakin gona, a tarye su. A nuna musu inda ruwa ke ɓarna, a faɗa musu itatuwan da suka ɓace, a kuma tambaye su abin da suka gani. Cikinsu ne malaman gona da na daji na gobe za su fito. Mai gona a gangare kuma ya gyara kunyarsa a gicciye tun kafin ruwa ya sauka.