Yadda Ake Haɗa Bincike Bakwai Su Ba da Amsa Ɗaya

Duk shekara idan damina ta kankama, ma'aikatan lafiya kan bi gida-gida a unguwannin Bauchi, daga Jahun zuwa Yelwa, suna ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wata bayan wata. Ƙarfin gwiwar da hukumomi suke da shi a kan wannan shiri daga lissafi ya fito. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin sa a yankin Sahel, kuma a shekarar ce wata tawaga ƙarƙashin Farfesa Martin Meremikwu na Jami'ar Kalaba ta fitar da nazari a ƙungiyar Cochrane, inda ta tattaro gwaje-gwaje 7 da aka yi a Afirka ta Yamma a kan yara sama da 12,000. Abin da aka gano shi ne maganin yana kare yara daga kusan kashi uku cikin huɗu na zazzaɓin da zai kama su a lokacin.

Irin wannan nazari shi ake kira meta-analisis. Ba sabon gwaji ake yi ba, binciken da wasu suka riga suka yi ake tattarowa a auna su tare. Karl Pearson ya gwada hakan a Ingila a 1904 a kan allurar rigakafin taifot da ake yi wa sojoji, sai dai Gene Glass na Amurka ne ya raɗa wa hanyar suna a 1976.

Wahalar aikin ita ce kowane mai bincike da irin ma'auninsa. Idan wani ya sayi masara da mudu a kasuwar Muda Lawal, wani ya saya da tiya, wani da buhu, ba za a san wanda ya yi araha ba sai an mayar da su duka kan awo ɗaya. Wannan awo na bai-ɗaya shi ne girman tasiri, wato lamba guda da ke nuna yawan canjin da magani ko hanyar koyarwa ko taki ya kawo.

A ɗauka wata ɗaliba mai neman digiri na biyu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta gwada sabuwar hanyar koyar da lissafi a ajin firamare. Ajin gwaji ya samu matsakaicin maki 62 cikin 100, ɗaya ajin ya samu 55. Tazarar maki 7 ke nan. Shin 7 na da yawa? Ya danganta da yadda makin yaran ya warwatsu. Idan ma'aunin warwatsuwar ya kai 14, sai a raba 7 da 14, a samu 0.5. A ɗauka kuma wani malami a Azare ya yi irin gwajin, amma jarrabawarsa a kan maki 40 take: 24 da 21, warwatsuwa 6. Tazarar 3 kawai, amma idan aka raba da 6, sai ga 0.5 ta sake fitowa. A ido sakamakon biyu sun bambanta, alhali tasiri ɗaya ne. Wannan lamba ita ce d ta Jacob Cohen, wanda ya ce a ɗauki 0.2 a matsayin ƙaramin tasiri, 0.5 matsakaici, 0.8 babba. Shi kansa ya ja kunne cewa wannan rabo na wanda ba shi da wani abin dogaro ne. A ganina gaskiyarsa ce, domin 0.2 a shirin da zai isa ga yara miliyan guda cikin rahusa ba ƙaramin abu ba ne.

A 1981 Larry Hedges ya nuna cewa idan mutanen da aka gwada kaɗan ne, lambar Cohen kan ɗan kumbura. Ya kawo gyara: idan kowane rukuni mutum 10 ne, ana rage kusan kashi 4 cikin ɗari. Wannan ya shafe mu sosai, domin yawancin binciken ɗalibanmu da kuɗin aljihu ake yin sa, a kan aji ɗaya ko biyu.

A fannin lafiya tambayar sau da yawa ta "ya kamu ko bai kamu ba" ce, don haka kwatanta haɗari ake yi. Idan yara 40 cikin 100 suka kamu a rukunin da ba a ba magani ba, 10 cikin 100 kuma a wanda aka ba, sai a raba 10 da 40, a samu 0.25. Lamba 1 na nufin babu bambanci, duk abin da ya gaza 1 kariya ce. A nazarin Meremikwu lambar ta tsaya a 0.26, kuma iyakokin tabbacinta daga 0.17 ne zuwa 0.38, duka nesa da 1. Amma da aka zo kan mace-mace, lambar ta zama 0.66 da iyakoki daga 0.31 zuwa 1.39. Tun da 1 ta faɗo a tsakani, masu nazarin suka faɗi gaskiya cewa gwaje-gwajen ba su kai girman da za su yanke hukunci a kan wannan ba. Irin wannan riƙon amana ne ya sa nake ganin ƙimar hanyar.

Bayan an fitar da lambar kowane bincike, ba tara su ake yi a raba daidai ba. Wanda ya fi yawan mutane da ƙarancin kuskure shi ake ba nauyi mafi yawa. Sannan a duba ko sakamakon sun yi kusa da juna. Idan sun yi hannun riga, dole a nemi dalili, ko yanayin wuri ne ko shekarun yaran ko yadda aka ba da maganin.

Akwai wata matsala da Robert Rosenthal ya yi magana a kanta tun 1979: binciken da ya nuna "an samu tasiri" shi ake bugawa, wanda bai nuna ba sai a jefa shi cikin durowa. Mai tattarawa kuwa abin da ya gani kawai zai haɗa, sai tasirin ya fito fiye da hakikaninsa. A nan ne abin ya fi damuna. Kowace shekara ɗaliban manyan makarantu a Gubi da Yelwa da Gaɗau da Azare suna kammala kundaye a kan noma da koyarwa da kiwon lafiya, a kan ƙasarmu da yaranmu. Kamar yadda yake a manyan makarantu da dama na ƙasar nan, mafi yawan irin waɗannan kundaye a kan kanta suke ƙarewa, wanda ke Landan ko Kalaba yana neman bayanai a intanet ba zai gan su ba. Sai a yanke hukunci a kan abin da ya dace da mu da alƙaluman wasu ƙasashe.

Ko an samu kundin, sau da yawa abin da ke ciki shi ne "an samu bambanci mai ma'ana, p ƙasa da 0.05", shi ke nan. Wannan jimla tana nuna cewa da wuya a ce bambancin dace ne kawai, amma ba ta faɗi girmansa ba. Ana iya lalubo girman tasiri daga lambobin gwajin ƙididdiga, wato t ko F, idan an rubuta su tare da adadin mutane, amma idan babu, aikin shekara biyu ya fita daga lissafi.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. Malami mai duba kundi ya dage a kan tebur guda: adadin mutane a kowane rukuni, matsakaicin sakamako, da ma'aunin warwatsuwa. Idan binciken lafiya ne, a rubuta yawan waɗanda suka kamu da yawan waɗanda aka gwada. Ɗalibin da bai samu bambanci ba kada a sa shi jin ya gaza, ya rubuta alƙalumansa yadda suka zo. Ɗakunan karatu kuma su ɗora kundayen a intanet, tare da teburan cikinsu.