Ɓawon gujiya da ƙwallon aduwa: masu tace dafin ruwan masana'antu

Ruwan da ke fita daga masana'antu ba duka ne ido ke ganin dauɗarsa ba. A majemun zamani ana jima da gishirin kurom. Wasu wuraren kuma ana aiki da darma ko zaiba. Waɗannan ƙarafa suna narkewa cikin ruwa, ba sa ruɓewa, tafasawa kuma ba ta kawar da su. Suna bin gulbi, su shiga garake da kifi, daga nan su taru a jikin mutum, su ɓata ƙoda da ƙwaƙwalwa, musamman ta yara.

A shekarar 1956, a garin Minamata na ƙasar Japan, aka gano wata cuta mai shanye jiki. Asalinta zaiba ce da wata masana'anta ke zubarwa cikin teku, masunta na cin kifin. Saboda irin wannan haɗari, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada darma ta wuce miligaram 0,01 cikin lita ɗaya ta ruwan sha, kurom kuwa 0,05.

Injunan tace irin wannan ruwa suna da tsada. Shi ya sa masana suka juya ga abin da manomi ke yasarwa: ɓawon gujiya, ƙaiƙayin shinkafa, totuwar masara da ƴaƴan zogale. Ana wanke su, a shanya, a daka, a tankaɗe, sannan a zuba garin cikin gurɓataccen ruwa. Ƙarfen da ya narke sai ya manne a jikin garin, a tace, ruwa ya wuce. In aka ƙona ɓawon ya zama gawayi, aka buɗe ƙofofinsa da magani ko tururi, kamun ya fi ƙarfi. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai an gwada gawayin ƙwallon aduwa wajen cire kurom, aka ga yana kamawa.

Amma aikin yana da sharaɗi. Dole a auna tsamin ruwan, domin kowane ƙarfe da yanayin da ya fi kamuwa. Garin da ya ƙoshi kuma ya zama guba: ba a ba dabbobi, ba a kai shi gona taki. Sai a wanke shi da asid a ƙwato ƙarfen, ko a binne shi nesa da rijiyoyi.

Yawancin wannan bincike yana ɗakin gwaji har yanzu. Ya rage ga masu majemu da ma'aikatan kula da ruwa su kai shi bakin magudana, tun ruwan bai isa gulbi ba.